Me ya tashi garin da ke cikin gonarmu? Kakata ta ce Basasa, kawuna ya ce Ningawa

Malamin Aji Biyar:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, ta ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Garinmu yana kudancin Kano, tsakanin Takai da Sumaila. Bana da aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, gonar da ta faɗo mini ita ce wadda muke kira gonar kufai. Tun muna yara muke nomanta, amma sai da ta zama tawa na tsaya na ƙare mata kallo. Kukoki bakwai ne a ciki. Ta gabas akwai wani tudu dogo da ya lanƙwasa ya shige gonar maƙwabcina, in shanun huɗa suka iso wurin sai an ɗaga garma. Bayan tudun kwari ne, da damina ruwa yake kwanciya, har ƙanena ya taɓa gwada shinkafa a ciki. Ran nan muna huɗar gyaɗa garma ta karo da wani abu, na ɗauka dutse ne, ashe bakin rijiyar rini ce, an shafe cikinta da laso, har yanzu da sauran baƙi-baƙi a jiki. Muka tona gefe muka sami wasu uku. Tsingaro kuwa ba a magana, ga ɓarin dutsen niƙa, kuma yaron da ke jan shanu ya tsinci wani tsinin ƙarfe mai kunne biyu, ya ci tsatsa, na tabbata kan kibiya ne.

Iya, kakata, kafin ta rasu takan ce Basasa ce ta ci garin, wai uwarta tana goye aka fita da ita da dare, ko tukunyar da ke kan murhu ba a sauke ba. Ni a lokacin dariya nake yi, don basasar da na sani ita ce ta 1967 zuwa 1970, ita kaɗai ce a littafin da nake koyarwa, ina cewa tsufa ne ya rikita mata lissafi. Kawuna kuma ya dage cewa Ningawa ne, har yau in jikansa ya cika kuka sai ya ce yi shiru ga Ningawa nan.

To wace Basasa ce wannan? Wa ya yaƙi wa? Kuma gari mai marina da ganuwa, me ya hana mutanensa dawowa bayan ƙura ta lafa?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari.

Ɗana, kakarka ba ta rikice ba, littafinka ne ya gaza. Tun ba a haifi Gowon da Ojukwu ba aka yi Basasa a Kano, kuma a bakin tsofaffinmu in an ce Basasa ita ake nufi, ɗayar yaƙin Ojukwu suke ce mata. Kalmar ma malamai sun ce daga Basus ta samo asali, yaƙin nan na Larabawan jahiliyya tsakanin Bakar da Taglib, 'yan'uwan juna, wanda aka ce a kan raƙuma guda ya tashi aka shekara 40 ana zubar da jini.

Tamu rigimar gida ɗaya ce, gidan Dabo. Ibrahim Dabo ya yi sarautar Kano daga 1819 zuwa 1846, 'ya'yansa uku suka hau bi da bi: Usman, sai Abdullahi Maje Karofi, sai Muhammadu Bello. Abdullahi ya daɗe a kan gado, tun 1855, ya haifi 'ya'ya rututu, ya rarraba musu sarautu. Da Bello ya hau sai ya shiga tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, yana share wa ɗansa Tukur hanya, har ya ba shi Galadima. Ana nan Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya kai wa Argungu yaƙi, Kabawa suka ba rundunarsa kashi. A wannan rana ta kunya Tukur ya yi bajinta, Sarkin Musulmi kuwa ya riƙe masa. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano, aka ce ya naɗa Tukur. Waziri ya san gari ba ya so, ya kuma faɗa, amma umarni ya fi ƙarfin shawara.

'Ya'yan Abdullahi suka kwashi jama'arsu suka fice daga birni, babbansu Yusufu yana gaba, wanda shi ma ya taɓa riƙe Galadima. Ina suka dosa? Takai. Ka ga an zo ƙofar gidanku ke nan. Ba da ka suka zaɓe ta ba. Mahaifinsu yana da gida a can tun yana yaƙi da Ningi, Yusufu kansa ya yi zaman yaƙi a wannan yanki, ya san dagatai, sun san shi. Wasu manyan bayin sarki, waɗanda su ne suka san kan bindiga, suka bi su. Daga nan ƙasa ta rabu biyu, Yusufawa da Tukurawa.

Abin da nake so ka hango shi ne halin da dagacin ƙaramin gari irin na gonarka ya shiga. Runduna ta sauka a bakin ganuwa, an aiko manzo a ce ka yi caffa, wato mubaya'a, ka kawo hatsi da samari. In ka buɗe ƙofa ka zama ɗan tawaye a idon sarkin da Sakkwato ta naɗa. In ka rufe, su ne a kusa, sarki yana birni. Gaba kura baya sayaki. Gaya ma da girmanta da ta tsaya wa Tukur cin ta aka yi da yaƙi, balle garin da bai fi unguwa biyu ba. Shi ya sa da yawa ba su jira an zo ba, dare suka bi, kamar yadda Iya ta faɗa maka.

Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, a Garko ya rasu. Kafin ya cika ya nuna ƙanensa Aliyu Babba, wato Alu, kuma akwai dabara a ciki: mahaifiyar Alu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, jinin Shehu ne ta wajen uwa, Sakkwato ba za ta iya watsar da shi kamar bare ba. A 1894 Yusufawa suka shiga Kano, Tukur ya fita ya yi ƙasar Katsina ya zauna a Kamri. A watan Maris na 1895 aka gwabza a Tafashiya, nan tasa ta ƙare. Sakkwato ta haɗiye ta amince da wanda takobi ya naɗa.

Ka ƙirga sarakunan Kano tun daga ranar: Alu, Abbas, Usman, duk 'ya'yan Maje Karofi. Abdullahi Bayero da Inuwa 'ya'yan Abbas. Sanusi da Ado 'ya'yan Bayero. Har waɗanda ake ta magana a kansu yau, duk tsatson Maje Karofi ne. Gidan Bello bai sake hawa ba. Yaƙin da bai cika shekara biyu ba ke nan.

Tudun nan naka ganuwa ce ta zube, kwarin da ƙanenka ya shuka shinkafa kuwa gwalalo ne, daga nan aka haƙi ƙasar ginin. Kada ka bari a kwashe a yi bulo.

Ɗan Ningi:

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Amma bari in ɗan kare gida, don mu duk kufan da aka gani a kudancin Kano a wuyanmu ake rataya shi.

Ba na musu, kakanninmu sun kai hari. Sun taɓa Birnin Kudu da Gwaram da Rano, sun shiga ƙasar Bauchi da ta Zazzau, sun kwashi mutane da dabbobi. Sunan Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya ya hana mutane barci. Sai dai malam mai tambaya, ka tambayi kawunka: wa ya kafa wannan daula? Malam Hamza ne, kuma Bakano ne, daga Tsakuwa ta wajen Dawakin Kudu. Shi da wasu malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa wajajen 1846, suka ce ba haka Shehu ya bari ba, suka tsere cikin duwatsu. A can suka tarar da Butawa da Warjawa da Fa'awa, mutanen da su ma kullum ake hawowa ana kamar musu 'ya'ya, suka haɗa kai. Kenan ɗan gida ne ya fita da fushi ya dawo da baƙi.

Ina ɗan shekara goma sha biyu kakana ya hau da ni dutsen da aka haifi ubansa a kai. Sai da muka huta sau biyu kafin mu kai. A sama ga da'irar duwatsun da ake ɗora rumbu, ga ramukan da mata suka yi ta niƙa a jikin fa har suka zurma, santsi kamar an shafa mai. Ruwa kuwa yana can ƙasa. Ya ce mace takan sauka da tulu da asuba, namiji na biye da ita da baka da kwari. Na ce don me mutum zai zauna a nan alhali ga fili shimfiɗe? Ya ce doki ba ya hawa nan. Amsar ke nan gaba ɗaya. Sai zamanin Turawa aka sauko, bayan sun kashe Ɗan Yaya a 1902.

Game da gonarka, ni ina ganin Iya ta fi kusa da gaskiya. Harin Ningi yawanci na fauce-ka-gudu ne, a tari mutane a gona ko a hanyar kasuwa, a kora shanu, kafin a yi gangami an shige dutse. Wanda ke sauka a bakin gari ya nemi caffa mai neman sarauta ne. Amma kada ka ƙaryata kawu, don Yusufawa suna Takai sun nemi hannun Ningi da Gumel. Mai yiwuwa rana ɗaya suke ba da labari, kowa da fuskar da aka gaya masa an gani.

Uwargida Daga Cikin Birni:

Ku maza in kun tashi labarin yaƙi sai sarakuna da dawakai. Baba, ka yi haƙuri, ba rashin kunya ba ne, amma akwai rabin labarin da ba ka taɓo ba.

Ƙanena mai tambaya, kakarka ta yi sa'a, an fita da uwarta a goye. Kakar mahaifiyata ba ta samu haka ba. Tana 'yar shekara bakwai ko takwas aka kama ta a wannan Basasa, ita da wata yayarta, a bakin rijiya. 'Ya ce, Musulma 'yar Musulmi, ta fara allo har ta iya ƙulhuwallahu. Shari'a ba ta yarda a bautar da irinta ba, amma da yake kowane ɓangare ya ɗauki ɗayan a matsayin 'yan tawaye, sai aka halatta abin da ya haramta. Aka kawo su Kasuwar Kurmi, wani ya sayi yayar, ba su sake haɗuwa ba har abada. Ita aka kai ta wani gidan fatake, aka canza mata suna, ta tashi tana daka da ɗiban ruwa, daga baya maigidan ya sa ta a ɗaka ta haifa masa 'ya'ya uku. Mu jikokin ta tsakiyar ne.

Mahaifiyata ta tashi a hannunta. Ta ce tsohuwar ta manta sunan garinsu ƙaf, abin da ta riƙe kawai kuka a bakin rijiya, da ƙarar bugu da take ji kullum da safe, da sunan yayarta. In fatake sun sauka a zaure sai ta aika yaro ya tambaya ko akwai wanda ya fito daga kudu, ko ya san wata mai suna kaza. Ta yi ta aikawa har ta makance. Kuma ba ta taɓa yarda yarinya ta je rijiya ita kaɗai ba, ko da famfo ya zo unguwar.

Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bautar gaba ɗaya a doka. A takarda ke nan. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka zo neman auren ƙanwata, an kai gaisuwa, an sa rana, sai wata gwaggon yaron ta je binciken asali ta dawo ta ce ai akwai bauta ta wajen uwa. Aka fasa. Na zauna na yi ta tunani, wace bauta? Yarinya ce ta je ɗiban ruwa ranar da 'ya'yan sarki ke rikicin gado. Da mahayin nan ya bi ta wata rijiyar, da kakar gwaggon ce a Kurmi. Alhamdu lillahi ƙanwata ta auri wanda ya fi shi, 'ya'yanta huɗu, amma ni abin bai bar raina ba.

Mushen Zinder:

Hajiya, wallahi kin sa jikina ya yi sanyi. Allah ya jiƙan tsohuwa. Irin wannan labari akwai shi a gidaje da dama a nan Birni da Zango, sai dai ba a so a faɗa.

Amma Baba Hedimasta, na lura ka tsallake mu, kuma na san dalili, Bakano ba ya son a tuna masa da ubangidansa! Alu bai gama share jinin Basasa ba Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya shigo muku har Gezawa, nan bakin Kano, aka kuma haɗu a Tattarawa. Da igwa muka zo, wadda maƙeranmu suke zubawa tun zamanin mahaifinsa Tanimu, wanda ya kewaye Zinder da garu. Ya ga gida ya rabu ne ya ce bari ya gwada sa'a.

Abin da nake gaya wa yara a lakwal, wato makaranta, shi ne, duk wannan ana yi ne Nasara yana bakin ƙofa. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder. A watan Yulin 1899 sojojinsu suka zo, aka kara a Tirmini, suka shiga gari, bayan 'yan makonni suka kashe Kuran Daga. Shekara uku da rabi bayan haka ku ma Ingilishi suka shigo muku. Sai aka ja layi tsakaninmu, mu muna bonjur kuna gudmonin, ni in zan je ganin ɗiyar gwaggona a Fagge sai na canza sefa na tsaya a Maimujiya an duba takarda. Abin da ya yi saura na yaƙin shi ne wasan nan da muke yi. In na shiga Kantin Kwari na ce ina bayina, sai a ce ga bawa ya zo, a ba ni kujera da ruwan sanyi, a kuma tsuga mini kuɗin shadda.

Tsohon Hedimasta:

Mushe, wanda ya zo har Gezawa ya koma bai ga Dala ba, ai yawon buɗe ido ya zo. Ka gaishe da bayinmu na can.

'Yata, kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Mun saba ƙirga waɗanda suka hau gado, ba mu ƙirga waɗanda aka kai kasuwa.

Saura tambayarka ta ƙarshe, ɗana, dalilin da ba a dawo ba. Ran 3 ga Fabrairun 1903 Kanar Molan da sojojin Ingilishi ya shiga Kano, Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya dawo da sauran jama'a aka naɗa shi, Alu kuma aka kama shi aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, can ya rasu a 1926. Ba yabon Bature nake ba, da igwa ya zo, harajinsa kuma ya gasa talaka. Amma hari ya tsaya. Da can mutum yana matsuwa a cikin ganuwa ne don dole, ya yi tafiya mai nisa zuwa gona, la'asar ta yi ya kama hanya kafin a rufe ƙofa. Da tsoro ya kau sai kowa ya kafa bukka a gonarsa, bukka ta zama gida, gida ya zama unguwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, gari ya koma bin hanya da kasuwa. Wa zai koma ya tada garun da ba mai hawa? Marina kuma tana son jama'a: masaƙa, masu kawo baba, 'yan bugu, fatake. In suka watse sau ɗaya, kowa ya kama wani wuri, ba ta sake tashi. Je ka bincika a garuruwan da ke kewaye da ku, za ka iske unguwa ko zuriyar marina da ke amsa sunan wannan kufai.

Malamin Aji Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan sallar isha'i na karanta wa kawu duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan maganar Ɗan Ningi ya ce ai ɓarawo ba ya cewa shi ne, amma da aka ambaci Tsakuwa ya yi shiru, don matarsa ta fari 'yar can ce. Sannan ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba: akwai wasu marina a wani gari gaba da mu da ake kira da sunan kufan, kuma yana yaro wani tsohonsu yakan zo duk shekara bayan girbi ya zauna a gindin kuka ta uku ya yi addu'a ya tafi. Ranar Asabar zan hau babur in neme su.

Yaya Uwargida, kufai mai kuka da rijiya da marina ba ɗaya ba ne a ƙasar Kano, ba zan ce namu ne garin tsohuwa ba. Amma in na sami mutanen nan zan tambaye su ko an taɓa ba su labarin 'yan mata biyu da aka ɗauke a bakin rijiya. Ki turo mini sunan yayar ta akwatin saƙo.

Rijiyoyin rinin na kewaye su da ƙaya, ƙanena yana ta mitar na kashe kunya shida ta gyaɗa a banza. Ranar Alhamis zan kai 'yan ajina su gani, hedimastanmu ya yarda in dai za mu dawo kafin tashi. Kan kibiyar yana cikin gwangwanin madara a kan tagata, kullum sai na ga ɓurɓushin tsatsa a ƙasan gwangwanin. Akwai wanda ya san abin da ake shafa masa ya daina ci? Wani ya ce man gyaɗa, wani ya ce bakin mai, ina tsoron kada in lalata shi.